Mutum Ɗari Uku na Malam Lado

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Durbi da hantsi ya san Malam Lado mai wankin hula, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai furfura a gemu kaɗai, wanda ke zaune bakin rumfa tsakanin hulunan da aka kifa a kan guntayen itace suna shan rana. Rumfar ta ubansa ce, uban kuma ya gaje ta wurin nasa uban. A nan Lado ya koyi dama sitaci tun yana yaro, da goge zanna da buroshi ba tare da ya tsinka zare ba, da gane hular da mai ita ya shekara yana gumi a ciki bai ji tausayinta ba. A nan ya yi samartaka, a nan aka zo aka gaya masa an ba shi Safara'u, a nan kuma ya tsufa, in ka yarda ya tsufa, don shi har yau bai yarda ba.

Aikinsa ba abin kushewa. Hular da Lado ya wanke, ko ruwan sama ya kama ka a hanya ba ta langaɓewa. Yana kuma ɗan sayar da sababbi, kube da zanna da damanga, ga wanda ya zo wanki ya ga tasa ta wuce wanki. Lalurarsa ɗaya ce, kuma da ita ya tashi: yana son ya san mutum nawa ne suka damu da shi. Wani awaki yake tarawa, wani filaye, shi Lado gaisuwa yake tarawa. In ya dawo gida da yamma, kafin ya wanke hannu sai ya ba Safara'u rahoto.

"Yau mutum sha huɗu sunka tsaya. Akwai biyu bisa babur da sunka ɗaga hannu, amma ban sa su ciki ba. Ɗaga hannu ba gaisuwa ba ne."

"Allah Ya ƙaro, Malam," in ji ta, tana kwashe tuwo.

Ranar ɗaurin auren ɗiyarsu ta fari, ana can ana fatiha, uban amarya yana bakin masallaci yana ƙirga takalma.

Shagon da ke jikin rumfarsa na Jonathan ne, mutumin Filato da ya zo Katsina bautar ƙasa ya ƙi komawa. Yana gyaran kwamfuta, yana buga wa mutane takardu, kuma ya daɗe a unguwar har 'ya'yansa sun fi shi iya Katsinanci. Shi da Lado ba sa rabuwa kuma ba sa shiri. Lado yana kiransa Baban Peace in ana zaman lafiya, in kuwa an saɓa sai ya ce masa mai kai tsirara, don Jonathan bai taɓa sa hula ba. Shi kuma yakan ce ai kansa ya ƙi ne don kada ya faɗa hannun Lado.

Wata shekara kasuwa ta yi sanyi. Samari suka koma yawo ba hula, masu sawa kuma suka fara haƙuri da dauɗa. Lado ya wuni yana mita, ya kwana, ya tashi da ita, har Jonathan ya gaji da ji ta bango. Sai ya ɗauki hotunan hulunan, ya buɗe masa shafi a intanet, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ya sa wani koren wuri da mutum zai danna in yana son kiran mai hula. Har nan bai yi laifi ba. Laifin da ya yi shi ne da ya ce, "Malam Lado, zo ka ga, a nan ake ganin mutum nawa suka shiga."

Da ya san wanda yake nuna wa, da ya haɗiye maganar.

Ranar farko mutum uku ne. Lado ya fara murmushi, sai Jonathan ya ce, "Ɗaya ni ne, ɗaya kai ne. Na ukun kuwa inji ne, irin masu yawo a intanet suna leƙa shafuka. Ba shi da kai balle ya sa hula."

Kashegari biyu. Wata rana huɗu, wata rana ɗaya, ɗayan ma shi ne. Lado ya shiga wani hali. Mutumin da ke cin tuwo malmala biyu ya koma tsakurar rabi. Miya ta zama gishiri ya yi mata yawa, koko ya zama ya yi tsami, kajin gidan ma sai da suka san wani abu ya faru. Yakan zauna a tsakar gida ya zuba wa waya ido, ya ce shi a duk faɗin duniyar nan, da Turawanta da Larabawanta, a rasa mutum biyar da za su leƙa hularsa.

Safara'u ta shekara talatin da wani abu a gidan nan, ta san inda mijinta ke ciwo. Ta lallaɓa ta sa ya tura mata adireshin shafin, wai tana son ta ga hotuna. Da ya fita, ta kama wayarta ta yi saƙon murya, ta jefa a guruf ɗin danginsu na wasaf, ta jefa a na matan islamiyya.

"Salamu alaikum 'yan'uwa, ina kwananku, ya yara, ya haƙuri da mu. Don girman Allah ina roƙon alfarma. Kowa in ya idar da asuba, shi taɓa wanga shuɗin rubutu da na turo. Ba sai an sayi komi ba. A taɓa kawai a fita. Amma don Allah kada Malam shi ji."

To Katsina ce. Mutum ya haɗa ka da girman Allah a kan abin da bai wuce taɓa waya ba, ina za ka kai ƙi? Matan suka taɓa, suka sa mazansu suka taɓa. Aka tura wa 'yan'uwa na Kambarawa da Ƙofar Guga, daga nan ya tsallaka Jibiya da Dutsin-ma. Ya zama cikin aikin safe: a yi salla, a yi azkar, a taɓa Malam Lado, a hura wuta. Wata tsohuwa da wayarta ba ta shiga intanet kullum sai ta tako gidan maƙwabta a taɓa mata, don kada a ce an yi zumunci ba ita. Wasu ma ba su san ko wane ne Lado ba, sun dai ji an ce akwai lada. Dattawan da ke zama a bencin rumfarsa duk sun sani, da su ake yi, amma in sun zo sai su zauna da fuskokinsu kamar na masu zaman makoki.

Lamba ta tashi. Arba'in, ɗari, ɗari biyu, har ta je ta zauna a wajen ɗari uku kullum. Tuwo ya koma malmala biyu, wani lokaci da ƙari. Lado ya sayi tabarau. Ya koyi duk lungunan wurin ƙididdigar nan, layin da ke hawa da sauka, da taswirar da ke nuna garuruwa, da da'irar da aka yanka kamar kankana. Ya zama in ka kawo hula sai ka tsaya an karanta maka rahoton jiya kafin a karɓa.

Jonathan ne kaɗai abin bai yi wa daɗi ba, don shi ya iya karatun abin. Wata rana da hantsi ya jawo kujera ya zauna kusa da bokitin sitaci, ya ce a ba shi wayar.

"Malam Lado, bari mu duba abin nan da hankali. Ka ga nan? Yana nuna tsawon zaman da mutum ya yi a shafin. Mutanenka ba sa wuce ƙiftawar ido. Hoton farko ma bai gama buɗewa ba sun fita."

"To ai haka masanin hula yake," in ji Lado. "Kallo ɗaya ya ishe shi. Wanda bai san hula ba shi ke juya ta yana shinshina. Irinku."

"Na ji. Ga wannan kuma. Kusan dukansu tsofaffin shiga ne. Mutanen jiya su ne na yau, su ne na shekaranjiya."

"Alhamdu lillahi. Wanda ya ci abinci ya dawo, abincin ne ya yi mashi daɗi."

"Kuma duk da sassafe suke shiga, bayan asuba. Rana na fitowa shiru."

Lado ya cire tabarau ya dube shi da tausayi. "Baban Peace, kai da ka tashi da safe, me kake fara tunawa? Abin da ya fi damunka. Mutum ya sallame salla, kafin shi tuna da koko, ya tuna da ni. Kai wa ke tuna ka kafin koko?"

Dattawan benci suka sunkuyar da kai. Ɗaya ya kama tari.

Jonathan ya buɗe taswira. "Duba, duk Katsina ne da kewayenta."

"Ƙarya kake, ga ɗigo can."

Akwai ɗigo kuwa, guda ɗaya, a Saudiyya. Gwaggon Safara'u ce ta tafi umara, kuma ko a can ba ta yarda ta karya alkawari ba. Lado ya riga ya gaya wa rabin unguwa cewa hularsa ta shiga Makka.

"To bari in tambaye ka abu ɗaya," in ji Jonathan. "Koren wurin nan na kira. Tunda aka buɗe shafin, mutum nawa suka danna suka kira ka?"

"Biyu."

"Me suka saya?"

"Ɗaya ɓatan kai ya yi, mai gyaran famfo yake nema. Ɗayan ya gaishe ni."

"Ka gani? Wannan ita ce lambar da za ka duba. Ɗari ukun nan ba ciniki ba ne."

"Ba a ciniki da gaggawa garin nan," in ji Lado, ya karɓe wayarsa. "Suna dubawa ne, suna jiran Salla ta matso. Kai ka yi boko amma ba ka san mutane ba."

Jonathan ya san fiye da abin da ya faɗa, don matarsa Esther tana cikin masu taɓawa, Safara'u da kanta ta roƙe ta a wurin niƙa. Amma Esther ta ce masa in ya buɗe baki ya kunyata baiwar Allah a gaban mijinta, to ya nemi mai dafa masa abinci. Ya koma shagonsa yana girgiza kai.

Da abin ya tsaya nan, da ba wanda ya yi asara sai masu sayen data. Sai ga Alhaji Sada. Shi Alhaji Sada dillali ne, mai fara'a, irin wanda in ya gaishe ka sai ka taɓa aljihunka ka ji ko yana nan. Ya daɗe yana son rumfar Lado, don tana bakin hanya, yana so ya rushe ta ya yi shagon kayan waya. Shekaru yana zuwa, Lado yana ce masa rumfar gado ba ta sayarwa ba ce. Wannan karon da ya zo, kafin ya buɗe baki aka karanta masa rahoton jiya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce masha Allah sau uku.

"Malam Lado, ni ina mamakinka. Mutum nawa ke tsayawa nan rumfar a wuni?"

"Goma. Ran Juma'a sha biyar."

"Can kuma ɗari uku. Kana da kasuwa cikin aljihu, kana zaune cikin rana kana gadin mutum goma. Manyan 'yan kasuwar duniya yanzu daga ɗaki suke sallamar mutane."

Maganar ta shiga. Lado ya kwana biyu yana auna ta, ya ga ba ta da makusa: goma a nan, ɗari uku a can, ko yaro ya san wadda ta fi. Ya ce wa Alhaji Sada zai sayar masa da rumfar, ya ba shi zuwa bayan Juma'a, a kira mai unguwa da shaidu. Abin da zai samu kuma zai zuba shi a sababbin huluna, ya cika zaure, don ranar da ɗari ukun nan suka tashi saye kada a ji kunya.

Jonathan da ya ji, ya rufe shago da rana tsaka ya tafi gidan Lado, ya yi sallama a zaure. Safara'u ta zo ta tsaya bayan ƙofa. Aka gaisa, aka tambayi Esther da yara, aka tambayi aiki da gajiya, sannan ya ce, "Maman Ramla, Malam zai sayar da rumfa. Saboda lambar nan."

Ta ɗan leƙo daga bayan ƙofar.

"Rumfar Baba?"

"Ita. Ni zan iya rufe shafin yau, in ce ya lalace."

"In ka rufe, asibiti za mu kwana. Bari, ni na ɗaura, ni zan kwance."

Ta koma ta yi sabon saƙo, muryarta na rawa. "'Yan'uwa, don Allah a daina taɓa abin nan na Malam. Daga yau a daina. Wani abu ne ya taso, ba zan iya bayani ba. A dai sa mu cikin addu'a."

Da ta nemi shawara, da an gaya mata ba a yi wa Katsinawa irin wannan saƙo. Mace ta ce wani abu ya taso, ba za ta iya bayani ba, a sa su cikin addu'a, kuma da rawar murya? Kafin la'asar an ce Malam Lado ba shi da lafiya. Kafin magariba an ce an wuce da shi Kano. A Jibiya har an fara tambayar ƙarfe nawa za a yi jana'iza. Kowa kuma ya ruga shafin ya ga ko an sa sanarwa, ya fita, ya sake komawa ko yanzu an sa. Waɗanda ba su taɓa shiga ba suka shiga. Wannan karon har sun daɗe a ciki, suna bin hotunan huluna ɗaya bayan ɗaya suna cewa Allah sarki, bawan Allah mai sana'a.

Da safe Lado ya duba waya ya ga dubu da ɗoriya. Layin ya miƙe tsaye kamar turken wuta. Ga sababbin shiga, ga daɗewa a shafi, ga kira yana ta shigowa, duk abin da Jonathan ya ce babu ya samu a rana ɗaya. Masu kiran suna jin muryarsa sai su ce alhamdu lillahi, ya jiki, su kashe. Shi kuma ya ɗauka sabon salon fara ciniki ne. Ya taka har shagon Jonathan ya ajiye masa wayar a kan tebur, ya tsaya yana gyara zaman hularsa.

Saura hanya ɗaya, Safara'u ta gaya masa da bakinta. Ta shirya maganar tun tana tankaɗe. Da ya dawo cin abincin rana ta zauna gefen tabarma, abin da ba ta saba ba.

"Malam, game da mutanen nan na waya."

"Kin gani ko?" Fuskarsa ta washe. "Safara'u, Baba ya shekara hamsin rumfar nan. Ran da ya rasu na ƙirga waɗanda sunka raka shi, ba su cika tamanin ba. Na daɗe ina cewa ni ma haka zan tahi, ba wanda ya san an yi ni. Ashe akwai mutane. Ban san su ba, ban taɓa ba su komi ba, amma kullum sai sun leƙo." Ya share ido da bakin riga, ya jawo kwano. "Me za ki ce?"

Ta dube shi. Ta dubi tuwon, malmala biyu da rabi.

"Cewa zan yi a bar rumfar, ko don Baba."

"Baba da ya ga dubu, da kanshi zai miƙa makulli."

Ta tashi ta ɗebo masa ruwa. Bayan Juma'a aka taru gaban mai unguwa. Shaidu biyu daga cikin dattawan benci ne, mutanen da tun asuba sun taɓa shafin kafin su zo. Mai unguwa ya tambaya ko akwai mai magana. Aka dubi ƙasa, aka dubi sama. Wa zai tashi cikin mutane ya ce wa dattijo jama'arka ta tausayi ce, kuma matarka ce ta roƙo maka ita? Aka shafa fatiha. Jonathan bai zo ba, ya ce yana da aiki, aka gan shi zaune a shago ba abin da yake yi.

Yanzu in ka bi ta Ƙofar Durbi, inda rumfar take akwai shago mai gilashi, da caja da robobin waya rataye, da kiɗa. Jonathan ya samu maƙwabcin da ba ya mita, kuma ya rame. Dattawan benci sun watse, wasu sun koma gindin wata bishiya can gaba. Mutum goman nan masu kawo wanki sun yi ta zuwa suna tambaya, wasu suka bi kwatance har gida, yawancinsu suka ga lungun ya yi nisa suka kai wa wani mai wanki a bakin kasuwa, wanda hularsa ke langaɓewa tun kafin a fito masallaci.

Malam Lado yana zaurensa. Huluna sababbi sun cika bango har rufi, kowace cikin ledarta. Salla ƙarama ta zo ta wuce, ya sayar da 'yan kaɗan, yawanci ga surukai. Ya ce dama babbar Salla ake jira. Lambar ta sauko daga dubu ta koma ɗari ukunta, ya ce 'yan kallo ne suka tafi, masu saye suka zauna. Ban da wannan, a duk unguwar ba wanda ya kai shi kwanciyar rai. Ya yi ƙiba. Yana ba masu sana'a shawara kyauta, ya ce wa mai shayi da mai faci su bar zaman rana su shiga waya.

Safara'u ta fara ƙosai da safe a ƙofar gida, ta ce wa Malam don motsa jiki ne, ya yaba mata. Da hannu ɗaya take juya ƙosan, ɗayan yana riƙe da waya, don mutane sun fara gajiya, dole sai ana tuni. Wanda ya sayi ƙosai takan ƙara masa ɗaya, ta rage murya ta tambaye shi ko wayarsa tana shiga intanet. Jiya da safe Malam ya leƙo daga zaure da tabarau a karan hanci.

"Yau an ragu da bakwai. Ko lafiya?"

"Wutar lantarki ce, Malam. Tun shekaranjiya ba a kawo ba, wayoyin mutane duk sun mutu."

"Haka ne," in ji shi. "Ki ga gwamnati, har kasuwar mutum sai ta taɓa."

Ya koma ciki. Ta sauke kaskon, ta goge hannu a zani, ta fara neman lambar mutanen Dutsin-ma.